Masu Bin Rana a Tsufa, da Tambayar da Suke Bari Sai Ƙarshe

A lardunan Alikante da Malaga, can gaɓar tekun Sifaniya, akwai garuruwan da idan ka fita yawon safe za ka fi jin Turancin Ingila da Jamusanci a bakin mutane fiye da harshen 'yan ƙasa. Yawancinsu masu furfura ne. Sun gama aiki a Manchesta ko Hambog, sun sayar da gida, sun tattara nasu-ya-nasu sun bi rana. 'Yan Birtaniya kaɗai da ke da rajistar zama a Sifaniya sun doshi 300,000, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu 'yan fansho ne. Tsofaffin Amurka da Kanada su ma suna da tasu alƙiblar: Fulorida da Arizona ga wanda ba ya son ƙetare iyaka, gefen tafkin Chapala a Meziko ko Kosta Rika ko Panama ga wanda ke son kuɗinsa su yi auki. Wasu kuma Tailan suke nufa.

Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana fita aiki cikin duhu yana dawowa cikin duhu, a ƙasar da rana kan faɗi tun ƙarfe huɗu a tsakiyar hunturu, ya cancanci ya ji ɗumi a gaɓoɓinsa. Sanyi ba abin wasa ba ne ga tsoho. Yana tayar da ciwon gaɓoɓi, yana ƙara nauyi ga zuciya da huhu, kuɗin ɗumama gida na cinye fansho, kuma santsin ƙanƙara a ƙofar gida ya isa ya jawo karayar ƙugu, wadda tsofaffi da yawa ba sa sake miƙewa daga ita. Inda nake ganin ana tafka kuskure shi ne wajen jeren tambayoyi. Ana fara tambayar yanayi, sai kuɗin haya, sai haraji, sai nisan teku. Maganar asibiti ita ce ta ƙarshe, kuma amsa guda ake nema a kanta: "Akwai asibiti mai kyau?" Dillalin gida ya ce akwai, shi ke nan an wuce wurin.

Matsalar ita ce mutum yana zaɓen wurin ne da jikin ɗan shekara 65, alhali da jikin ɗan 80 zai zauna a can. Mai neman fili a Kano ya san ba a rani ake zuwa dubawa ba, sai cikin Agusta, lokacin da ruwa ke nuna inda yake kwanciya. Wurin ritaya ma a ranar rashin lafiya ake gane shi. Gidan da ke kan tudu mai matakala talatin, wanda ake hango teku daga barandarsa, shi ne zai zama kurkuku ranar da gwiwa ta ƙi. Ƙauyen da ya yi daɗi saboda shirunsa shi ne wanda motar asibiti za ta yi sa'a guda kafin ta iso.

Kuma a wasu cututtukan tsufa, sa'a guda ita ce komai. Idan gudan jini ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki, allurar da ke narkar da shi tana aiki ne idan an yi ta cikin sa'o'i huɗu da rabi daga fara ciwon. Ba a kuma yin ta da ka. Sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar toshewa ce, ba fashewar jijiya ba, domin wanda jini ke zuba a kansa allurar na iya kashe shi. Ke nan ana buƙatar na'ura mai aiki, da mai sarrafa ta, da likitan da zai karanta hoton, duk a farke a daren da abin ya faru. Bugun zuciya ma haka: ana son a buɗe jijiyar da ta toshe cikin sa'o'i biyu. Mai wankin ƙoda kuwa sau uku a mako zai je, kowane zuwa kimanin sa'o'i huɗu, babu hutun Kirsimeti babu na Sallah. Saboda haka cewa ƙasa kaza tana da asibitoci masu kyau ba amsa ba ce. Bankok na da asibitoci irin su Bumrungrad da attajiran duniya ke tururuwar zuwa, amma wanda ya kama gida a wani ƙaramin tsibiri na kudancin Tailan, jirgin ruwa ne tsakaninsa da su. Mazauna gefen tafkin Chapala sun yi dace domin birnin Guadalahara na kusa, tafiyar kimanin sa'a guda. Abin tambaya shi ne minti nawa, da dare, kuma wane irin aiki asibitin ke iya yi. A garuruwan gaɓar Sifaniya ma akwai wani abu da masu zuwa duba gida a watan Maris ba sa gani: a Agusta jama'a kan ninka saboda 'yan yawon buɗe ido, a daidai lokacin da ma'aikatan asibiti ke tafiya hutu ana rufe wasu gadaje.

To, a ce asibitin na kusa. Wa zai biya? A nan ne takarda ke raba tsofaffi biyu da ke maƙwabtaka a bene guda. Ɗan Birtaniya da ya kai shekarun karɓar fanshon gwamnati yana iya karɓar wata takarda mai suna S1, ya yi rajista da ita a Sifaniya, a duba shi a asibitin gwamnati kamar ɗan ƙasa, Birtaniya ta biya. Wannan tsari ya tsira ko bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2020. Amma wanda ya yi ritaya da wuri, yana da shekara 58 ko 60, ba shi da wannan gata. Bizar zama ba aiki ta Sifaniya tana buƙatar cikakkiyar inshorar lafiya ta kamfani. Bayan shekara guda da zama yana iya shiga tsarin gwamnati da kuɗinsa, yuro 60 a wata ga wanda bai kai 65 ba, yuro 157 ga wanda ya kai, amma magani shi zai saya da cikakken farashi. Kamfanonin inshora kuwa halinsu ɗaya ne ko'ina: suna maraba da mai lafiya, suna cire ciwon da ka zo da shi daga yarjejeniya, suna ƙara kuɗi duk shekara, da yawansu kuma ba sa karɓar sabon mutum da ya haura 70 ko 75.

Ba'amurke ya fi shiga tsaka mai wuya. Tsarin Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ga tsofaffi, wanda ya yi rayuwarsa ana cire masa kuɗi dominsa, kusan ba ya biyan komai a wajen Amurka. Idan ya koma Meziko, zaɓi biyu gare shi. Ko dai ya ci gaba da biyan kuɗin wata-wata na sashen B ga hidimar da ba ya amfana da ita, ko ya daina, ranar da ciwo ya koro shi gida a ɗora masa tarar kashi 10 cikin 100 a kan kowace shekarar da ya tsallake, kuma tarar ba ta sauka har ƙarshen rayuwa. Meziko na barin baƙo mai takardar zama ya shiga tsarin lafiyar gwamnati na IMSS da kuɗin shekara, sai dai akwai cututtukan da idan da su ka zo ba za a karɓe ka ba. Kosta Rika ta wajabta wa duk mai takardar zama shiga asusun lafiyarta na ƙasa, abin da nake ganin ya fi adalci, ko da yake layin jiran ƙwararren likita na da tsawo. Tailan kuma tun 2019 ta sa inshora cikin sharuɗɗan wata bizar ritayarta, daga baya ta ɗaga abin da inshorar za ta iya ɗauka zuwa dala 100,000. Sharaɗin na da sauƙin cikawa ga ɗan 55. Ga ɗan 78 mai ciwon suga da hawan jini, yana iya zama dalilin barin ƙasar da ya ɗauka a cikinta za a binne shi.

Akwai kuma wata doka ta Birtaniya da ni dai nake ganin zalunci ce tsagwaronsa. Ɗan fanshon da ya koma Sifaniya ko Amurka ko Filifin ana ƙara masa fansho duk shekara kamar na gida. Wanda ya koma Kanada, Ostireliya, Afirka ta Kudu, Tailan, Indiya, Ghana ko Najeriya, fanshonsa na daskarewa a kan adadin da ya fara karɓa a can. Kusan mutum rabin miliyan ne wannan ya shafa. Gudummawa ɗaya suka biya lokacin ƙuruciya, amma bayan shekara ashirin ɗaya na karɓar abin da ya yi ƙasa sosai da na ɗan'uwansa, a daidai shekarun da kuɗin magani ke hauhawa.

Duk wannan lissafin kuɗi ne, kuma mai hankali na iya yin sa a takarda. Abin da ba ya shiga takarda shi ne jinya. Asibitocin Sifaniya na daga cikin nagartattu a Turai, amma al'adarsu ta fi kusa da tamu fiye da ta Ingila: ana sa ran dangi su zauna da majinyaci. Ka shiga ɗaki mai gado biyu da dare. A gado ɗaya tsohuwa ce 'yar ƙasa, 'yarta na kan kujera a gefenta da bargo, ta ba ta miya a baki, ta gyara mata matashi, da asuba suruka ta zo ta karɓe ta. A ɗaya gadon Baturiyar Ingila ce da mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce, 'ya'yanta na Lidz, ƙawayenta duk sa'o'inta ne, wasu sun riga sun koma gida. An ajiye mata abinci ya huce domin hannunta na rawa. Nas ta yi mata tambaya, ta gyaɗa kai ba don ta fahimta ba. Ta yi shekara goma sha biyar a ƙasar, Sifaniyancinta bai wuce na kasuwa da gaisuwa ba, domin unguwarsu kowa Turanci yake yi. Akwai masu aikin sa-kai da ke yin tafinta a wasu asibitocin gaɓar, amma ba su kwana a can. Ko wanda ya ƙware a harshen ma bai tsira ba, domin gigin tsufa kan fara cinye harshen da aka koya daga baya, ya bar mutum da na uwa.

Sifaniya na da dokar tallafa wa masu buƙatar kulawa tun 2006, amma sai ka yi shekara biyar da zama kafin ka cancanta, sannan ka shiga dogon layi. Giɓin da ke wurin ya sa su kansu baƙin suka tashi tsaye. Gidauniyar Cudeca da ke Benalmadena, mai kula da waɗanda ciwonsu ya kai gargara, wata 'yar Birtaniya mai suna Joan Hunt ce ta kafa ta a 1992 bayan ciwon daji ya kashe mijinta. Aiki ne abin yabo, kuma shaida ne cewa rana da teku ba su hana kowa isa wannan matakin.

Ita kanta ranar da ake bi ta fara juyewa. Binciken da wata cibiyar lafiya ta Basalona ta wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa zafi ya kashe fiye da mutum 61,000 a Turai a bazarar 2022, Italiya da Sifaniya na kan gaba, kuma mafi yawansu tsofaffi ne. A Finiks ta jihar Arizona, an jera kwana 31 a 2023 kullum zafin rana na kaiwa digiri 43 ko fiye, kuma gundumar Marikofa da birnin ke ciki ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi ajalinsu a shekarar. Jikin tsoho ba ya zufa yadda ya kamata, ba ya jin ƙishirwa da wuri, kuma wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari na ƙara ƙarar da ruwan jiki. Rayuwarsa sai ta rataya a kan wutar lantarki. A 2017, bayan guguwar Irma ta kashe na'urar sanyaya ɗaki a wani gidan kula da tsofaffi a Fulorida, hukuma ta tabbatar da mutuwar mutum 12 saboda zafi. Babban asibiti na tsallaken titi da gidan.

Mai karatu na iya cewa wannan damuwar Turawa ce. Ba haka ba ne, domin muna da namu masu bin rana. Likitoci, malaman jami'a, nas-nas, direbobi da injiniyoyi daga Kano, Zariya, Sakkwato, Damagaram da zangon Kumasi da suka tafi Ingila, Amurka ko Faransa a shekarun 1980 da 1990 yanzu suna kai shekarun ritaya. Kusan kowannensu ya gina gida ko yana ginawa. Su ba teku ke jan su ba. Suna son su ji kiran sallah daga masallacin unguwa, su zauna a majalisa bayan La'asar, idan ta Allah ta kasance a kai su makwanci kusa da iyayensu. Wannan buri ne mai daraja, kuma ba zan taɓa ce wa kowa ya haƙura da shi ba. Amma duk tambayoyin da ke kan Baturen Alikante suna kansu, har da ƙari.

Wanda ya bar Ingila ya tare a Kaduna ba fansho kaɗai zai daskare masa ba. Haƙƙin jinya kyauta a asibitocin gwamnati na NHS ya dogara ne ga zama a ƙasar, ba ga fasfo ko harajin da aka biya a baya ba. Idan ya je ziyara ya kwanta asibiti a Ingila, ban da sashen gaggawa, ana iya cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin, sai fa idan ya koma da zama ne gaba ɗaya. Da yawa na tafiya da tunanin "idan abu ya yi tsanani sai in hau jirgi." Ciwon da ya fi tsanani kuwa shi ne wanda ba a barin mai shi ya hau jirgi.

Gaskiya ne mai karɓar fam ko dala ya fi ƙarfin kasuwa, musamman tun da aka saki naira a Yunin 2023. Sai dai kuɗi ba sa sayen likitan da ba ya nan. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar Najeriya cikin shekara biyar, kuma kimanin 55,000 ne suka rage ga al'ummar da ta haura miliyan 200, yawancinsu ma a Legas da Abuja da wasu 'yan manyan birane. Alƙawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, akwai kuma tsarin GIFSHIP da mai ritaya zai iya shiga da kansa, amma abin da yake ɗauka na wankin ƙoda da maganin daji taƙaitacce ne. Kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkarsa a Najeriya a 2023, kuma masu asma sun ji a jikinsu. Khartum, wadda mutanenmu da yawa kan je neman magani cikin rahusa, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe ƙofarta, saura Alƙahira da Indiya ga mai hali.

A kwatanta daren. Ƙarfe biyu, bakin Alhaji ya karkace, magana ta ƙi fita. Babu lambar da za a kira a tabbatar mota za ta zo, don haka ɗan ƙanensa ne ke buga ƙofar maƙwabci: "Kawu ne ba lafiya, don Allah a taimaka da mota." An je asibiti na farko, an auna jini, an ce a wuce gaba. A na biyu injin hoto ya lalace tun makon jiya, sai an je wata cibiya mai zaman kanta, ita kuma sai takwas na safe take buɗewa. Ana cikin haka an miƙo takardar magunguna, yaro ya ruga kemis. Kowa ya yi iya ƙoƙarinsa, likitan da ke bakin aiki ma haka, amma sa'o'i huɗu da rabi sun wuce tun kafin cibiyar ta buɗe. Irin wannan dare ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa jinyar tsoho a ƙasarmu.

Sannan ga yanayi. Jikin da ya yi shekara talatin a Landan ya manta da zafin Afrilu, garkuwarsa ta zazzaɓin cizon sauro ta yi rauni, ƙurar hunturu kuma na jiran mai ciwon ƙirji. A farkon Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta Mali, kuma asibitin Gabriel Toure na Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi. Allurar insulin sai an ajiye ta a firij, firij kuma sai da wuta. Ga mai ciwon suga, sola da batir masu ƙarfi sun fi tayil ɗin Italiya muhimmanci a gidan da yake ginawa.

Abin da muke da shi wanda Baturiyar can ta rasa shi ne mutane. A nan ba a barin mara lafiya shi kaɗai: akwai mai jinya, akwai 'yan dubiya, akwai mai kawo kunu da safe. Wannan babban arziki ne, kuma don shi kaɗai komawa gida na iya fin zama a gidan tsofaffi na Bamingham. Amma ko shi a auna shi da idon basira. 'Ya'yan da aka haifa a can ba za su bar aikinsu su tare a Gusau ba. Dangin da aka yi shekaru ana aika wa kuɗi za su zo dubiya, amma juya mutum a gado duk bayan sa'o'i biyu na tsawon shekara uku wani abu ne daban, kuma yawanci a kan mace ɗaya yake ƙarewa, matar da ita ma ta tsufa.

Shawarata ga mai wannan niyya ita ce ya dawo, amma ya zaɓi gari da unguwa saboda asibiti. Kusa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko babban asibitin ƙwararru na Yamai da aka buɗe a 2016, ƙauye kuma a riƙa kai masa ziyara. Ya zo ya yi watan Afrilu cur kafin ya yanke shawara, ba Disamba ba. Ya buɗe fayil, ya san likitansa tun yana tafiya da ƙafafunsa, ya tambaya ko maganin da yake sha ana samun na gaske a garin. Gidan ya zama na ƙasa, ƙofar banɗaki ta isa keken guragu ya shiga. Gwamnatocin jihohinmu kuma su lura cewa cikin masu son dawowar nan akwai likitocin zuciya da na ƙwaƙwalwa da nas-nas da suka yi shekaru suna kula da tsofaffin Turawa. Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiya ta musamman don tsofaffi tun 2012. Jihar da ta yi irin wannan a Arewa, ta ba waɗannan mutane wurin aiki na kwana biyu a mako da injin hoton da ba ya kwana a lalace, za ta same su da ƙwarewarsu da fanshonsu, kuma tsofaffin da ba su taɓa fita ko'ina ba su ne za su fara cin moriyar.